Audi Mai Jan Fenti

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Katsina, in ya iso Kankia direba ya rage gudu, zai ga wata rumfar walda a bakin titi wadda kusan komai nata ja ne. Ƙofofin da aka jingine ja, tagogi ja, ƙafafun gado ja, har bencin da masu jiran aiki ke zama a kai. Mai rumfar sunansa Audi. Dogo ne siriri, furfura ta fara cin gemunsa, idonsa na hagu ya ɗan dushe saboda shekarun da ya yi yana kallon wutar walda. Ba ya yarda ƙarfe ya kwana tsirara a wurinsa. Da ya gama haɗa abu sai ya kankare shi tas, ya shafe shi da jan fentin nan mai hana tsatsa, tun kafin mai kaya ya faɗi kalar da yake so. Daga nan sunan ya bi shi, Audi Mai Jan Fenti. Akwai kuma abin da kowa a garin ya sani game da shi: ko me za ka ba shi, ba ya taɓa aikin tanki.

Asalinsa mutumin Kusada ne. Gidansu gidan noma ne, gero da dawa, mahaifinsu kuma yana da 'yar makarantar allo a zaure. Yayansa Talha ne ya fara barin gona ya tafi Kankia koyon walda, da hannunsa ya faɗa sai ya dawo ya ɗauki Audi. Talha mutum ne kakkaura mai yawan dariya, in yana dukan ƙarfe sai ka ji yana 'yar waƙa a hanci. Ba irin aikin da ba ya karɓa: garmar shanu, kurar ruwa, bodin mota, duk wanda ya zo. Suka yi shekaru tare a rumfa ɗaya. Talha ya yi aure ya haifi 'ya mace aka sa mata Na'ima, Audi ma ya auri wata 'yar garinsu, Ummusalma.

Wata bazara ruwa ya yi wuya a gari. Wani mai motar tankar ruwa, wadda ta yi damina biyu tana ajiye a bayan gidansa, ya so ya tayar da ita. Ya kira su su duba inda take yoyo. Suka je bayan azahar, rana na dukan ƙeya. Murfin saman tankar ya kafe, sai da suka yi ta bugunsa da guduma kafin ya saki. Ba wani wari da ya fito, sai ƙanshin jiƙaƙƙen ƙarfe kawai. Talha ya haska tocila. Cikin ya yi jawur, ɓawon tsatsa na reto daga sama kamar ɓawon tsohuwar bishiya, ga ɗan ragowar ruwa kwance a ƙasa.

"Tsatsa ta ci abinci a wannan," in ji Talha yana dariya. "Riƙe mani tocila, bari in ji inda ta yi laushi."

Ya zura ƙafafu ya sauka. Audi ya ji bugun guduma, ya sake jin wani, sai kuma ƙarar gudumar ta faɗi a kan ƙarfe. Daga nan shiru.

"Yaya?"

Ba amsa.

"Yaya Talha, bar wasan nan mana."

Ya leƙa. Ga Talha can a duƙe, goshinsa a ƙasa kamar mai sujada. Audi ya tura kai da kafaɗu cikin ramin yana miƙa hannu. Abin da ya same shi a nan shi ne abin da bai taɓa iya mantawa ba. Bai ji an shaƙe shi ba, bai ji zafi ba. Wani irin sanyin daɗi ne ya taso masa, kamar barcin da ke ɗaukar mutum a inuwa bayan ya ƙoshi. Direban motar da ke tsaye kusa da shi ne ya kama ƙafafunsa ya fizgo shi, ya faɗo ƙasa yana amai. Kafin a samo igiya da ƙugiya a jawo Talha, rai ya yi halinsa.

Ba rauni ko ɗaya a jikinsa. Da aka zo wanka, ruwan da ke gangarowa daga gashinsa da faratansa ja ne, na tsatsa. Audi na tsaye yana kallon ruwan nan yana bin ƙasa.

Mutane suka ce iska ce. Wurin da aka rufe ya daɗe ba a buɗe ba, ai mutanen ɓoye sun tare a ciki, ga shi an shiga musu gida da guduma ba sallama. Mahaifinsu ya tsawatar, ya ce a bar wannan magana, kwana ne ya ƙare. Audi ya karɓi maganar mahaifinsa da baki, zuciyarsa kuwa ta riƙe ta mutane. Ai shi ya ji hannun abin a jikinsa.

Ya koma rumfa shi kaɗai, amma ba Audin da aka sani ba. In ya hangi tankar ruwa ta tsaya a gefen titi sai ya tsallaka ɗaya ɓangaren. Ko duro ne babu komai a ciki, ba ya zura kai. Tsatsa kuwa ta zame masa abin ƙyama, in ya gan ta a jikin ƙarfe sai tsikar jikinsa ta tashi, ba ya samun natsuwa sai ya kankare ta ya rufe wurin da fenti. Da matar Talha ta gama takaba ta sake aure, ya roƙa aka bar masa Na'ima. Ya haɗa ta da 'ya'yansa ya riƙe, ba wanda zai shiga gidan ya gane ba shi ya haife ta ba.

Yarinyar ta taso da kaifin ƙwaƙwalwa. Tana gama sakandare ta samu shiga kwalejin fasaha a Katsina, ta zaɓi karatun injiniya, abin da ya sa mata a unguwa suka yi ta taɓe baki. Wani hutu ta kawo masa abincin rana a rumfa, ta zauna a benci ba ta tashi ba.

"Baba, ina son in tambaye ka wani abu, in ba za ka yi fushi ba."

"Ina jin ki, ɗiyata."

"Yaya aka yi mahaifina ya rasu? Kowa na tambaya sai ya ce mani iska ce, ya kau da kai."

Audi ya ajiye cokali. Bai taɓa ba kowa labarin daga farko har ƙarshe ba, amma ranar ya ba ta, har da sanyin daɗin nan da ya ji. Ta saurara hawaye na zuba, ba ta share ba. Da ya gama sai ta dube shi.

"Baba, murfin a rufe yake duk tsawon lokacin? Da ruwa a ciki?"

"A rufe ruf."

"To ba iska ce ta kashe shi ba. Rashin iska ne."

Ta yi masa bayani a hankali. Ta ce tsatsa ba datti ba ce da ke sauka a kan ƙarfe, ƙarfen ne da kansa yake komawa ƙasar da aka ciro shi daga cikinta. Ba ta kuma iya wannan aiki sai ta sami laima da iska. A cikin iskar da muke shaƙa akwai wani kaso, shi ne ke riƙe da rai, shi ne kuma wuta ke ci da shi. Wannan kason tsatsa take sha. A fili ba a gane komai, don iska na zuwa tana tafiya. Amma a wurin da aka rufe, sai ta yi ta sha a hankali har ta shanye. Abin da ya rage ba shi da wari, ba shi da launi, ƙirji na ɗagawa yana sauka kamar kullum, mutum bai san yana shaƙar wofi ba sai dai ya faɗi.

Audi ya girgiza kai. Sai ta duƙa ta debi garin ƙarfe daga ƙarƙashin teburinsa, ta zuba a kwalba, ta yayyafa ruwa da ɗan gishiri, ta ɗaure bakin tam. Ta ce ya ajiye. Bayan 'yan kwanaki ta dawo, garin ya koma ja. Ta kunna tsinken tsintsiya, ta buɗe kwalbar ta zura shi. Wutar ta mutu nan take kamar an tsoma ta a ruwa.

Na'ima ta ɗauka ta sauke masa kaya ne. Ashe ƙara masa ta yi. Ya zauna yana kallon kwalbar.

"A da na ɗauka abin yana da gida," ya ce. "In na kauce wa gidansa, shi ke nan. Yanzu kin ce mani yana nan a ƙarƙashin teburina."

Duk da haka shi ya riƙa jan ta da tambaya a kowane hutu, kamar mai sosa gyambo. Ta gaya masa tsatsar da ke bin fuskar ƙarfe gaba ɗaya ita ce mai sauƙi, don ana ganin ta. Muguwar ita ce mai huda 'yan ramuka kamar bakin allura, tana ci ta ciki yadda gara ke cin katako, waje lafiya lau, ciki fanko. Ta nuna masa yadda fenti ke kumbura kamar bororo in ta shiga ƙarƙashinsa. Wata rana a Kusada, wajen bikin suna, ya ga bututun ƙarfe ya cinye daidai inda aka ɗaura masa kan famfo na tagulla, alhali sauran jikinsa garau. Da ya tambaye ta, ta ce in ƙarfe iri biyu suka haɗu a cikin laima, ɗaya ne ke zama abincin ɗaya. Ta ce gishiri da takin zamani suna ƙara mata gudu, kuma gefen layin walda, inda wuta ta gasa ƙarfen, nan take yawan fara kamawa.

Tun daga nan idonsa ya buɗe, barcinsa ya ragu. In zai shiga mota sai ya duƙa ya leƙa ƙarƙashinta, ya taɓa sauka daga wata bas a tasha bayan ya zauna, don ya ga ƙasanta ya yi bororo. 'Yan tasha suka mai da shi abin dariya. In ya wuce ƙarƙashin tankin da aka ɗora a kan ƙafafun ƙarfe sai ya ƙara sauri yana salati.

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne ɗansa na fari, Fa'izu. A rumfar ya girma, har ya zama cikakken saurayi mai gemu, hannunsa a walda ya fi na uban kyau. Dariyarsa irin ta Talha ce sak, abin da ke faranta wa Audi rai yana kuma tayar masa da hankali. Saboda kunyar ɗan fari, Audi bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "kai" ko "yaron nan". Abokan Fa'izu kuwa suna tsokanarsa da ɗan mai gudun tanki. Ga aikin tankuna ya yawaita, kowa na haƙa rijiyar burtsatse yana noman rani, su kuma suna nan suna ta ƙofa da taga.

Da kaka ta yi aka gama yankan gero, wani manomi daga Fakuwa, Alhaji Ɗanmusa, ya zo rumfar. Ya ce yana da babban tankin ƙarfe a lambunsa, tun ƙarshen ranin bara aka rufe shi, yana son a shiga a wanke a toshe inda yake tsiyaya kafin a fara ban ruwa.

"Alhaji, ka yi haƙuri, ba ma wannan aiki," in ji Audi. "Kuma don Allah kada ka bar kowa ya shiga sai an huda shi ta gefe iska ta ratsa."

Alhajin ya yi murmushin wanda aka riga aka ba labari, ya yi sallama. Fa'izu ya raka shi mota, ya ɗan jima. Da ya dawo Audi ya dube shi.

"Mi kuka tsaya faɗi?"

"Ba komai, Baba. Amma ai in aka buɗe murfi aka jira kaɗan, iska za ta shiga. Ita ma Yaya Na'ima ba ta ce kada a shiga har abada ba."

"Ban yarda ba. Ko bayan raina ban yarda ba."

Fa'izu ya sunkuyar da kai ya koma kan aikinsa. Audi ya ɗauka an wuce wurin.

Wata ranar Laraba da hantsi ya dawo daga sayen ƙarfe, ya tarar da rumfa ba kowa. Ya duba ƙusar da ake rataye igiya, wayam. Babu babbar guduma, babu tocila. Ya kira wayar Fa'izu, tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya kira gida.

"Yaron nan yana nan?"

"A'a, Malam," in ji Ummusalma. "Ai ya ce mani kai ka aike shi Fakuwa."

Bai san lokacin da ya tare ɗan acaɓa ba. Ya bar rumfa a buɗe, ƙarfen da ya sayo a yashe a bakin titi. Suka sauka daga kwalta suka kama hanyar ƙasa, gonaki hagu da dama an girbe su sai karan gero a tsaye. Audi na ta dukan kafaɗar mai babur yana cewa ya ƙara wuta. Addu'ar da yake son yi ta ƙi haɗuwa, kalma ɗaya yake ta maimaitawa. A wani yashi babur ya kafe, ya diro ya tura da hannunsa.

Daga nesa ya hango tankin a gefen lambu, koren fenti, tsayinsa ya kai ɗaki, an jingina masa tsani. Mutane kaɗan na tsaye a ƙasa. A sama kuwa ga Fa'izu zaune a bakin ramin murfin, ƙafafunsa a ciki, yana yi wa na ƙasa wata magana suna dariya.

"Fa'izu!"

Sunan da bai taɓa fita daga bakinsa ba ya fita da dukkan ƙarfinsa. Amma injin ban ruwa na maƙwabta na ta ruri. Fa'izu ya dafa gefen ramin da hannu biyu ya sulale ciki.

Audi ya diro tun babur bai tsaya ba, ya faɗi, ya tashi, ya sheƙa a guje ta cikin kunyoyin lambu. Kafin ya isa, dariyar mutanen ta tsaya. Wani matashi mai suna Kamalu, abokin Fa'izu da ya rako shi, yana saman tsani yana leƙe.

"Fa'izu! Kai, Fa'izu! Wayyo, ya faɗi! Bari in shiga!"

Ya riga ya ɗaga ƙafa. Audi ya kama rigarsa ta baya ya fizgo shi, suka zube ƙasa tare. Ya miƙe ya tankaɗe tsanin ya faɗi can gefe.

"Ba mai shiga! Wallahi ba mai shiga!"

"Malam Audi, ka haukace?" in ji Alhaji Ɗanmusa. "Ɗanka ne fa a ciki!"

"Matsoraci!" wani ya faɗa. "Ku ɗaga tsani!"

Ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Duk jikinsa na ce masa ya hau ya faɗa ciki, ko da su mutu tare. Ya san in ya hau, gawa biyu za a fitar, in Kamalu ya bi, uku. Ya taka tsanin da ƙafa ɗaya ya dubi Kamalu.

"Ta ina ya faɗi?"

"Nan, gindin ramin, ɓangaren nan."

Audi ya zagaya ɗaya ɓangaren da gudu, yana shafa jikin tankin da tafin hannu. Sama santsi. Ya duƙa. Can ƙasa, gefen tsohon layin walda, inda ƙasa ta yi danshi, fentin ya kumbura bororo-bororo. Ya danna da babban yatsa, ɓawo ya zube.

"Diga! Ku ba ni diga!"

Wani mai aikin lambu ya miƙo masa. Ya ɗaga ya sauke. Digar ta yi tsalle, tankin ya yi ƙugi kamar ganga, kafaɗunsa suka amsa. Ya ga duhu-duhu. In ƙarfen nan yana da sauran ƙwari, shi ke nan. Ya matsa taku ɗaya zuwa inda bororon ya fi yawa, ya ce bismillahi, ya sake saukewa. Bakin digar ya shige kamar an soki busasshiyar ƙwarya. Wani jan ruwa mai kauri ya tsarto masa a ƙafa.

"Ku zo! Gatari, fartanya, komai! Nan ƙasa, kada ku yi sama!"

Waɗanda suka zage shi su suka fara rufowa. Aka yi ta sara. Inda ya ruɓe ya ba da kai, inda bai ruɓe ba ya lanƙwashe ya ƙi yankewa. Audi ya jefar da digar ya kama bakin ƙarfen da hannu biyu yana ɓamɓarowa, bai ji yana yanka shi ba. Ya ce wa Alhaji a huda wani wurin daga gefe, a kawo tabarma a yi ta fifita. Rami ya buɗe wanda kafaɗa za ta iya shiga da ƙyar. Haske ya faɗa ciki. Ga ƙafar Fa'izu can, takalmi ɗaya ya fita, ba ta motsi.

Ya tsaya a gaban ramin nan. Ƙanshin jiƙaƙƙen ƙarfe ya bugi hancinsa.

"Kamalu, riƙe ƙafafuna. In ka ji na yi laushi, ka ja. Kada ka jira."

Ya ja numfashi a waje ya cika ƙirji, ya riƙe, ya kwanta rub da ciki ya kutsa. Ƙarfe ya kama rigarsa ya tsaga bayansa. Laka mai sanyi ta cika masa hannu. Ya miƙa, yatsunsa suka taɓa diddige suka zame. Ƙirjinsa ya fara neman ya buɗe da kansa. Ya ƙara turawa, ya damƙi idon sawun da hannu biyu, ya buga ƙafa. Aka ja su. Shi ya fara fitowa, sannan aka kama Fa'izu aka zaro shi ta ramin kamar ana karɓar haihuwa.

Suka kwantar da shi a kan ciyawa. Leɓɓansa sun yi toka-toka, ido a kafe rabi a buɗe. Wani dattijo ya fara "Inna lillahi". Audi ya daka masa tsawa ya yi shiru. Ya share lakar bakin ɗansa, ya ɗaga haɓarsa, ya hura masa iska, ya danna ƙirji, ya sake hurawa. Jinin hannunsa ya ɓata rigar duka. Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Can sai maƙogwaron Fa'izu ya yi wani gurnani mara daɗin ji, kamar minsharin rago, ƙirjin ya ɗaga da kansa. Ya tsaya. Ya sake ɗagawa.

A motar Alhaji Ɗanmusa aka kai shi asibiti a Kankia, kansa a kan cinyar uban. Aka sa masa robar iska a hanci, aka ɗinke tafukan Audi da bayansa, aka yi masa allura saboda yankan tsohon ƙarfe. Ummusalma ta zo ba mayafin kirki, ta zauna a ƙasa a bakin ɗakin ta ƙi tashi. Sai washegari da la'asar Fa'izu ya buɗe ido. Ya dubi silin, ya dubi uwarsa, ya tambaya ko an yi sallar asuba. Bai tuna Fakuwa ba, bai tuna tanki ba, har yau bai tuna ba.

Alhaji Ɗanmusa ya zo gaisuwa da 'yan'uwansa, ya zauna kansa a ƙasa. Ya ce shi a cikin tankin yake jiƙa takin zamani ya sake shi cikin lambu, da rani ya wuce ya rufe da sauran ruwan a ciki. Na'ima, wadda ta baro Katsina a ranar da ta ji, ta ce abin da ya cinye gindin ke nan. Audi bai ɗora wa kowa laifi ba. Bai kuma yi wa Fa'izu faɗa ba, ko sau ɗaya, duk da Ummusalma ta so ya yi. Tankin dai 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe aka kira suka yanka shi suka loda a mota.

Fa'izu ya tashi, amma ba duka ya dawo ba. Ya yi watanni yana fama da ciwon kai, magana na yi masa nauyi, sai ya fara zance ya tsaya yana neman kalma. Hannunsa na dama ya kama 'yar rawa. Shi ma Audi yatsunsa biyu na hagu sun ƙi lanƙwasuwa. 'Yan tasha sun daina yi masa dariya, wasu har suna zuwa neman shawara, amma wannan bai rage masa komai ba. Tsoron na nan inda yake, sai dai ya ƙaru da sabon abin tunawa.

Sai da damina ta zagayo Fa'izu ya fara zuwa rumfa, yana zama yana miƙa kaya. Wata safiya aka kawo ƙafar baro ta karye. Audi na can yana awon taga, sai ya ji injin walda ya tashi a bayansa. Ya juya. Fa'izu ya rufe fuska da gilashi, ya tallafe hannun dama da na hagu, yana bin karayar a hankali. Ya daɗe a kan abin da a da yake gamawa kafin a ƙifta ido. Da ya ɗaga gilashin, gumi ya jiƙa masa fuska. Layin ya fito a karkace, tudu da kwari.

"Baba... bai yi kyau ba."

Audi ya ɗauki ƙafar baron ya juya ta, ya buga ta da ƙasa da ƙarfi. Ba ta motsa ba.

"Ya kama," ya ce. "Ɗauko ɗayar ma ka duba, na ga kamar ta fara tsagewa."